Tsakanin Aji Shida Da Ɗakin Miji: Shekarun Da Muke Asarar 'Ya'ya Mata A Ikara, Makarfi Da Kudan

 

Duk wanda ya san karkarar arewacin Zazzau ya san abin da ke biyo bayan kaka. Da zarar masara da barkono sun shiga rumbu, motocin rake sun fara jerin gwano daga Makarfi da Kudan, manoman rani kuma sun koma fadama a Ikara, to kuɗi ya shigo hannu, lokacin biki ya yi. Daga Paki zuwa Gubuchi, daga Likoro zuwa Saulawa, da wuya Juma'a ta wuce ba a raba goro da alewa a ƙofar wani masallaci ba. Aure alheri ne, babu mai musun haka. Sai dai a cikin amaren da ake kaiwa ɗaki akwai da yawa waɗanda bara ko bara waccan suke aji shida na firamare, kuma kafin wata kakar ta zagayo za su kasance a kan gwiwa. Makomar waɗannan yara ita ce maganarmu ta wannan mako.

Mun shafe fiye da shekara ashirin muna ja-in-ja a kan lamba guda. A 2003 aka kafa Dokar 'Yancin Yara ta tarayya, wadda ta sanya shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure. A 2013 Majalisar Dattawa ta ɗau zafi a kan sashe na 29 na Kundin Tsarin Mulki, inda aka ce duk macen da ta yi aure ana ɗaukarta a matsayin wadda ta kai munzali. Sanata Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙi amincewa a cire wannan saɗara, ƙasa ta rabu biyu, aka yi ta musayar baƙaƙen maganganu. A 2018 Jihar Kaduna ta samar da tata dokar ta kare yara da kula da walwalarsu. Duk tsawon wannan lokaci, ɓangare ɗaya na kiran ɗayan maƙiyin addini, ɗayan kuma na mayar da martani da cewa su wane ne masu cin zarafin yara. Ita kuwa yarinyar da ake wannan faɗa dominta, a Gimi take ko a Kurmin Kogi, ba ta san ana yi ba, mahaifinta ma bai taɓa ganin takardar dokar ba.

Ra'ayina shi ne, gardamar lamba ta ɗauke mana hankali daga inda matsalar take. Abin da ke yanke wa yarinyar ƙauye makoma yana faruwa ne a wurare biyu: a shekarun da ke tsakanin gama firamare da shiga ɗakin miji, da kuma a watanni tara na cikin fari. A duka wuraren biyu akwai abin da aka gwada aka ga ya yi aiki, kuma a ƙasar Zazzau aka gwada shi, ba a Turai ba.

Mu fara da girman al'amarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace shekara 'yan mata kimanin miliyan 21 masu shekara 15 zuwa 19 suna ɗaukar ciki a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kimanin miliyan 12 daga cikinsu suna haihuwa. A gida Nijeriya, binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na 2018 ya nuna cewa kashi 19 cikin ɗari na 'yan mata masu waɗannan shekaru sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 29. A karkara kashi 27 ne, a birane kashi 8. Binciken ya kuma nuna cewa kashi 43 na matan da ke tsakanin shekara 20 da 24 an aurar da su kafin su cika 18. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ita ce kan gaba a duniya, da kimanin kashi 76.

Amma adadin da ya fi dacewa mai karatu ya riƙe shi ne wannan: a cikin 'yan matan da ba su yi karatun boko ko kaɗan ba, kashi 44 sun fara haihuwa tun ba su kai ashirin ba, alhali a cikin waɗanda suka wuce sakandare kashi 1 ne kacal. Ƙasa ɗaya, sau da yawa addini ɗaya da harshe ɗaya, amma tazarar ta kai haka. Ruwa ba ya tsami banza.

Wannan ba sabon labari ba ne ga likitocin Zariya. Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello sun bi diddigin haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya, aka wallafa sakamakon a 1985. Har yau masana lafiyar mata a duniya suna komawa ga wannan aiki. Sun gano cewa haɗarin mutuwa ya fi yawa ga ƙananan 'yan mata masu cikin fari da kuma matan da suka yi haihuwa da yawa, kuma mafi yawan waɗanda suka rasu su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awon ciki ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su ranga-ranga. Matan da suka yi makaranta kuwa sun fi kowa tsira. Akwai kuma wani abin mamaki da suka lura da shi: ƙananan 'yan matan da aka riƙa ba su maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini lokacin goyon ciki, da yawansu sun ƙara tsayi kafin su haihu. Ma'anar wannan a fili take. Yarinya ce da ba ta gama girma ba take rainon wani jikin a cikin nata, su biyu suna rabon abincin da ko ita kaɗai bai ishe ta ba.

A nan ne ya kamata a fahimci bambancin balaga da kammaluwar jiki. Fara jinin al'ada alama ce cewa yarinya na iya ɗaukar ciki, amma ƙashin ƙugu, wato ƙofar da jariri zai bi, yana ci gaba da faɗaɗa har wasu shekaru bayan haka. Ga yarinyar da ta taso cikin ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan zazzaɓi, girman ma a hankali yake tafiya. Idan kan jariri ya fi ƙarfin ƙugu, sai naƙuda ta tsaya. Mahaifa na turowa, ƙashi ya tare, naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa ya matse tsakanin kan jariri da ƙashin uwa. Jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar kafa. Wannan shi ne yoyon fitsari. Galibi jaririn ba ya zuwa da rai, ita kuma uwar, in ta tsira, ta koma gidan iyayenta da warin da ke korar kowa, sau da yawa takardar saki na biye da ita.

Wani binciken da likita Tahzib ya wallafa a 1983, kan mata 1,443 da aka duba a asibitin Zariya saboda wannan lalura, ya nuna cewa fiye da kashi 80 doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kimanin kashi 13 kuma yankan gishiri ne, wato tsagar da ungozoma ko wanzami ke yi da aska da nufin buɗe hanya. Gaskiya ce cewa babbar mace ma na iya samun doguwar naƙuda, kuma abin da ke hana yoyon fitsari kai tsaye shi ne fiɗa a kan lokaci. Amma ƙanƙantar shekaru tana haɗa wa yarinya abubuwa biyu a lokaci guda: jikin da bai shirya ba, da bakin da ba shi da ikon cewa a kai ni asibiti.

Ba doguwar naƙuda kaɗai ba ce. Jijjigar masu ciki ta fi kama masu cikin fari, musamman ƙanana. Tana ba da sanarwa kafin ta zo: hawan jini, kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi. Na'urar awon jini da ɗan gwajin fitsari sun isa su gano ta, kuma akwai allurar maganiziyam mai araha da ke tsayar da ita. Amma a gidaje da yawa, in yarinya ta faɗi tana taune harshe, sai a ce iskokai ne, a shiga hayaƙi da tofi, ba a nufi asibiti ba sai an makara. Haka ma ƙarancin jini. Zazzaɓin cizon sauro ya fi tsananta a cikin fari, yana cinye jinin uwa, yana tsumburar da ɗan da ke ciki. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar jinin da wata za ta jure ita yana iya tafiya da ita. Bayan haihuwa kuma ga kunun kanwa da kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta, waɗanda likitoci Davidson da Parry suka danganta da yawaitar ciwon zuciyar masu jego a Zariya tun shekarun 1970.

Abin da ya fi damuna a cikin wannan duka shi ne kunyar cikin fari. Kunya ado ce ga Bahaushe, kuma ba na cikin masu son a tuɓe ta. Amma dubi yadda take aiki a nan. Yarinya ba za ta faɗa wa uwar mijinta tana da ciki ba, sai an gane. Ba za ta nemi zuwa awo ba, kada a ce ta cika rawar kai a kan ɗan fari. In naƙuda ta zo cikin dare za ta danne, domin an horar da ita cewa jaruma ba ta kuka a kan gwiwa. Sai gari ya waye a kira ungozoma. Sai rana ta yi a fara tunanin asibiti, a ce maigida ya tafi kasuwa ko yana ci-rani, ba a fita sai da izininsa. In ya samu, sai neman mota da kuɗin mai. In damina ce, ga hanya ta yanke. A isa ƙaramin asibitin mazaɓa a tarar abin ya fi ƙarfinsu, a tura babban asibitin Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi, wani lokaci daga can a sake turawa Zariya ko Shika. Masana sun kasa wannan jinkiri kashi uku: jinkirin yanke shawara, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyu da na uku aikin gwamnati ne. Na farko kuwa a tsakar gidajenmu yake, kuma shi ne mafi tsawo ga mai cikin fari.

A Ƙofar Gayan da ke Zariya akwai asibitin da ake yi wa masu yoyon fitsari aiki, kuma sunan Hajiya Gambo Sawaba yake ɗauke da shi. Sunan ya dace da wurin. Ita kanta an aurar da ita tana 'yar shekara 13, daga baya ta zama jigon mata a jam'iyyar NEPU, ta sha ɗauri da duka, kuma aurar da ƙananan yara na cikin abubuwan da ta yaƙa har ta rasu a 2001. A Babbar Ruga ta Katsina, likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru masu yawa tun daga shekarun 1980 yana ɗinke dubban mata tare da horar da likitocinmu. Allah Ya saka wa duk masu wannan aiki. Amma ɗinki gyaran ɓarna ne bayan ta auku, kuma rigakafi ya fi magani.

To, me ya sa uba ke aurar da 'yarsa tana shekara goma sha huɗu? Mu 'yan boko mun saba amsa wannan tambaya da kalma ɗaya: jahilci. Wannan amsa ta raini ce, kuma ita ce dalilin da ya sa ba a sauraronmu. Manomin Dandamisa ko na Auchan yana da lissafinsa. Ya sa 'yarsa a firamare shekara shida, ta fito ba ta iya karanta wasiƙa da Hausa ba. Kada mu manta, a 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun makin da ake buƙata. Ko me mutum zai ce game da yadda aka gudanar da wannan jarrabawa da korar da ta biyo baya, ta tabbatar da ƙorafin da iyaye suka daɗe suna yi. Sannan ƙaramar sakandare tana wani gari, sai an yi tafiyar ƙasa mai nisa ko a biya ɗan acaɓa kullum. Bayan satar ɗalibai irin ta Kuriga a watan Maris na 2024, wane uba ne zai saki jiki da doguwar hanya? An ce karatu kyauta ne, amma akwai kayan makaranta, littattafai, takalmi da kuɗin tara.

A ɗaya gefen kuma uwa na da nata lissafin. Kayan ɗaki da gara a wuyanta suke, kuma da tallan yarinyar ake tara su. Saboda haka yarinyar da ta bar makaranta ba zama take yi a gida ba, tana tasha da bakin kasuwa da farantin gyaɗa ko mazarƙwaila a ka, tsakanin direbobi da 'yan kamasho. Uban na ganin haka, yana ganin ta fara cika ido, yana tsoron ranar da za a ce ta yi abin kunya. Manemi ya fito da sadakinsa. In ka cire makaranta mai amfani daga cikin lissafin, me ya rage masa ya zaɓa? Tsakanin tasha da ɗakin miji, ɗakin miji zai zaɓa, kuma a ganinsa ya yi wa 'yarsa gata. Duk dokar da za ta ce masa ya jira shekara huɗu ba tare da ta faɗa masa abin da yarinyar za ta yi a cikin shekaru huɗun ba, takarda ce kawai.

Wannan giɓi shi ne Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya ta sa a gaba. Cibiyar ta samo asali ne daga haɗin gwiwar masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, kuma Hajiya Habiba Mohammed ta daɗe tana jagorantarta. Ba su shiga ƙauyuka da wa'azin shekara 18 ba. Sun zauna da iyaye da limamai da masu unguwanni, suka tambaye su me zai sa su bar 'ya'yansu a makaranta. Daga nan suka kafa ƙananan zaurukan karatu a cikin unguwa, a gidan da iyaye suka yarda da shi, inda wata mace mai ilimi 'yar yankin ke koya wa 'yan mata karatu da rubutu da lissafi, da tsaftar jiki, da sana'a, da yadda za su yi magana da iyayensu cikin ladabi a kan abin da suke so. Suka kuma ɗauke wa iyaye ɗawainiyar makaranta.

An auna wannan tsari da ma'aunin kimiyya a garuruwa 18 na Arewacin Nijeriya, inda aka gudanar da shirin a rabinsu aka bar rabi domin kwatance. Bayan shekara biyu, a garuruwan da babu shirin kimanin kashi 86 na 'yan matan da aka bibiya sun yi aure, a garuruwan da ke da shi kuwa kimanin kashi 21 ne. Ba a kai uba ko ɗaya kotu ba. Iyayen nan da ake kira jahilai, da suka ga 'ya'yansu na karanta takardar asibiti suna lissafin cinikin gida, su da kansu suka ce wa manema su dakata.

Wani zai ce ina matsayin addini? Ni ba malami ba ne, amma akwai abubuwan da kowane ɗalibin zaure ya sani. Malaman fiƙihu sun bambanta ɗaurin aure da tarewa, sun kuma yi maganar iyawar jikin yarinya kafin a miƙa ta. Ikon da aka bai wa uba a kan 'yarsa budurwa an gina shi ne a kan kyautata zaton cewa maslaharta yake nema, kuma kawar da cuta ƙa'ida ce babba a shari'a. Halacci daban, wajibci daban: babu wanda ya ce uban da ya bar 'yarsa ta gama sakandare ya yi zunubi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman zamaninsa da suka bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke bin ƙauyuka suna karantar da mata. Zaurukan da na ambata a sama jikokin wannan tsari ne, ko masu su sun lura ko ba su lura ba. Haka kuma littattafan da muka fara da su, irin su Ahalari da Risala, suna da bayani filla-filla a kan haila da biƙi. In malaman da suka rubuta su ba su ji nauyin bayyana wa almajirai waɗannan hukunce-hukunce ba, me zai sa uwa ta bar 'yarta ta ga jinin farko cikin firgici, ba ta san ko mene ne ba?

Tsoron cikin shege kuwa tsoro ne na gaske, kuma ba daidai ba ne a yi wa iyaye dariya a kansa. Amma a duba da kyau: ina yarinya ta fi fuskantar masu lalata, a aji tare da malama, ko a tasha bayan magariba? Yarinyar da ta san jikinta, ta san abin da ke kawo ciki, ta san tana da uwar da za ta faɗa wa in wani ya taɓa ta, ta fi wuyar yaudara a kan wadda aka rufe wa komai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma rashin sani tsaga ne babba.

Akwai kuma rukunin da kowa ya manta da su: waɗanda aka riga aka aurar. Masu fafutuka sun ɗauke su tamkar yaƙin da aka riga aka rasa, makaranta ta cire sunansu, asibiti kuma na kallonsu kamar kowace matar aure. Alhali su ne ke cikin haɗari a yau. Amarya 'yar shekara goma sha biyar tana buƙatar ta fara awo tun farkon ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya sau takwas kafin haihuwa. Tana buƙatar gidan sauro, maganin ƙarin jini da rigakafin zazzaɓi. Tana buƙatar a yanke shawara tun da wuri cewa a asibiti za ta haihu, a ware kuɗin mota daga cinikin kaka, miji ya ba da izinin fita tun kafin ranar, ko yana nan ko ba ya nan. Bayan haihuwa tana buƙatar hutu na aƙalla shekara biyu kafin wani cikin, abin da ya yi daidai da tsawon shayarwar da muka gada. Tana kuma buƙatar ƙofar makaranta ta kasance a buɗe gare ta, ko da goyo a bayanta.

Ba za a ce gwamnati ba ta yi komai ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta. A 2018 Kaduna ta ayyana karatun sakandare kyauta ga 'ya'ya mata a makarantun gwamnati, ta kuma ɗauki aikin gyara ƙaramin asibiti guda a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 255 na jihar. Kaduna na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 domin karatun 'yan mata. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da fiɗar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi. Mataimakiyar Gwamna, Dokta Hadiza Balarabe, likita ce da ta taɓa shugabantar hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar, don haka ba baƙuwar wannan magana ba ce. Tambayar ita ce nawa daga cikin waɗannan ya isa Gazara da Pala da Kauran Wali, kuma wa ke bibiya?

A nan ne nake ganin nauyi ya hau kan shugabannin ƙananan hukumomin uku, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Abu na farko ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: kowace shekara a fitar da sunayen 'yan matan da suka gama aji shida a kowace mazaɓa, a kwatanta da waɗanda suka shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, a bi sawun waɗanda suka ɓace a tsakani, gida-gida, tare da dagaci da mai unguwa. Na biyu, a kusanto da ƙaramar sakandare, ko da ƙara azuzuwa uku ne a firamaren da ke akwai, da makewayi na mata da ruwa, domin yarinyar da ta fara al'ada ba za ta zauna inda babu wurin kama ruwa ba. Na uku, a tabbatar asibitin mazaɓa na da ma'aikaciya mace da ke kwana, da yarjejeniya da direbobin tasha kan ɗaukar mai naƙuda a kowane lokaci, kamar yadda aka gwada da ƙungiyar direbobi a wasu jihohin Arewa.

Maganar ma'aikaciya mace ta kawo mu Makarfi, inda makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris take. Magidanta da yawa na cewa ba za su bar namiji ya duba matansu ba, kuma ana iya fahimtar wannan. To amma daga ina macen za ta fito? Wadda aka turo daga Kaduna ko Zariya ba ta daɗewa, da ta samu hanya za ta nemi canji. Wadda za ta zauna ita ce 'yar garin, mai iyaye da miji a garin. Ita kuwa sai ta gama sakandare kafin ta shiga wannan makaranta da ke maƙwabtaka da gidansu. Garin da ke aurar da duk 'ya'yansa mata daga aji shida ya yanke wa kansa hukuncin cewa har abada baƙo ne zai karɓi haihuwar matansa, ko kuma babu kowa.

Masarautar Zazzau, ta hannun hakimai da dagatai, tana da muryar da babu wata doka da ke da ita. Limaman da ke ɗaura aure suna iya tambayar waliyyi shekarun yarinya da matakin karatunta, su kuma yi wa ango nasiha a kan awo da izinin asibiti kamar yadda suke yi masa a kan ci da sha da tufafi. Mu kuma da muka fito daga waɗannan garuruwa muka yi karatu, ɗalibai da ma'aikata, kowannenmu na da ƙanwa ko 'yar wa ko 'yar ƙani da ke aji biyar ko shida a yanzu. Kuɗin kayan makarantarta na shekara bai kai abin da wasunmu ke kashewa a katin waya ba. Zama da baffa a yi masa magana cikin girmamawa, a ce a ba ta shekara uku ni zan ɗauki nauyi, ya fi rubutu ɗari a Facebook.

Iyayen karkara ba su ƙi 'ya'yansu ba. A ba su makarantar da ke koyarwa da asibitin da ke buɗe cikin dare, a ga ko ba za su canza lissafi ba. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sauki masu ciki lafiya. Sai mako na gaba, in Mai Duka Ya kai mu.